Hayaƙin Gidan Mabeli

Litinin, 11 ga Nuwamba 1471, da hantsi. Kwana na ɗaya.

Jiya da yamma na iso Marendam a jirgin ruwan Lauwers. Na buɗe gidan Baba, na kori ɓeraye, na hura wuta. Hayaƙi ya tashi tun kafin ƙararrawar safe. To, a fara ƙirga.

Kwana arba'in sau uku a shekara, haka dokar take tun zamanin kakana. Duk wanda sunansa ke cikin littafin 'yan gari amma yana zaune a ƙauye, sai ya zo ya kwana a gidansa na birni, a ga hayaƙinsa. Na yi biyu, wannan ne na ƙarshe. Da can wasa ne, ka bar wa maƙwabciya mabuɗi ta riƙa jefa maka ɗan itace, ka koma harkarka. Bana masaƙan birni suka kai kuka wai mu na ƙauye mun cinye musu kasuwa, dattawan gari suka ɗaure fuska. Yanzu mai gadin hasumiya yana duban bututun kowa daga sama, Gilis, ma'aikacin dattawan, kuma yana bi gida-gida safe da yamma, ya ga fuskar mai gida, ya taɓa murhu. Ko sau ɗaya aka tarar da murhu da sanyi, an soke suna. In an soke suna babu rumfa a zauren yadi, babu hatimin gari a kan lilin ɗina, kuma babu baƙon da zai kalli yadi marar hatimi ko da kyauta ne. Gidaje goma sha huɗu a ƙauyenmu Flasbek suke saƙa saboda rumfar nan tawa.

Gilis ya zo da safe yana ɗaga kafaɗa.

"Uwargida Mabeli, a ga fuska."

"Ga ta nan, Gilis. Ba ta canza ba, hancinka ne dai ya ƙara tsawo."

"Shinshinar hayaƙinku ce ta ja shi."

Ya ɗora hannu a murhu, ya daka tsalle yana yarfe yatsu. Madalla, gobe ma ya taɓa.

Na baro mijina Boudin a ƙauye da ɗan tari. Shekara ashirin da shida da aurenmu ban taɓa ganin mutumin nan ya kwanta da rana ba. Sanyin ruwan da yake jiƙa ƙaran lilin ne ya shige shi. 'Yarmu Heila tana wurinsa, ta fi ni iya jinya.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da la'asar. Kwana na huɗu.

Kasuwa ta yi albarka. Wani ɗan Jenowa mai hular gashi ya ɗaga yadin Baba Stas, wani masaƙin ƙauyenmu, yana haska shi a taga, wai ya yi masa shara-shara. Na ce, "Maigida, ja shi. In ya yage ka tafi da rumfar gaba ɗaya." Ya ja har fuskarsa ta yi ja, ya ɗauki bandir tara.

A hanyar dawowa na ɓata a garin da aka haife ni! Wani sabon lungu ne ya tsiro inda na san kududdufi. Ina yarinya titinmu a bayan ganuwa yake, shanu ke kiwo a ƙofar gida. Baba ya sayi taku huɗu na bakin kogi, iyakar ƙarfinsa ke nan, tunda ba fili a gefe sai ya yi gini sama, shi ya sa gidan yake tsaye kamar tsinke. Yau ganuwa ta biyu ta yi wa garin kaɗan, suna haƙa ta uku. Ga layin mutanen Kastil, ga na Jamusawa, ga zauren yadi ya fi majami'a tsawo, limamin majami'ar yana ta ƙorafi. Amma duk tubalin nan da 'yan birni ke taƙama da shi zare ne ya ɗora shi, rabin zaren kuwa daga ƙauye ya fito. Su ci gaba da ƙirga mana hayaƙi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma. Kwana na bakwai.

Hayaƙi ya tashi. Lauwers bai zo ba, ruwa ake yi.

Talata, 19 ga Nuwamba, da safe. Kwana na tara.

Gilis ya ce wai mai gadin hasumiya bai ga hayaƙina sosai ba jiya. Na nuna masa wuta tana ci bal-bal.

"Ni na gani, Uwargida. Shi ne bai gani ba. Busasshen itace ba ya hayaƙi, daga can sama sai ka ce ba kowa a gidan. Wannan gargaɗi ne na farko."

Kai, duniya! An kai lokacin da za a hukunta mace don ta iya hura wuta. Na tafi bakin ruwa na sayo tubalin fadama, baƙar ƙasar nan da ake yankowa a ƙona, na zaɓi mai danshi da gangan. Dama itace ya zama abin nema, birnin nan ya cinye dajin da ke kewaye da shi tas. Na jibga wa murhu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har matar da ke shanya a ƙetare ta zage ni. Hayaƙi suke so, za su sha shi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da tsakar rana. Kwana na sha ɗaya.

Lauwers ya iso da diloli shida. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ƙi kallona.

"Yaya maigida?"

"Yana gaishe ki."

"Ba gaisuwa na tambaye ka ba, Lauwers."

"Ya ce in gaya miki kada ki kuskura ki taka ƙafa waje da ganuwa. Ya sa na rantse zan faɗa."

"Heila fa?"

"Heila ta ce in gaya miki ta daina wanke ƙyallen tarinsa a rafi inda mutane ke gani."

Ban tambayi dalili ba. Na duba dilolin ɗaya bayan ɗaya, saƙar matar Yos ta ƙauyenmu ta gyaru sosai bana. Tari ne, kowa yana tari a wannan watan.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da yamma. Kwana na sha uku.

Na ba Gilis kujera da kofin giya mai ɗumi, na tambaye shi ko ana ba mutum kwana uku. Yini guda zuwa, yini guda can, yini guda dawowa.

"Uwargida, watan jiya aka soke wani mai rini don ya tafi binne uwarsa. Ni na rubuta, da hannun nan."

"Ba ka ji kunya ba?"

"Na ji. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Ya shanye giyar kuwa, mara kunya.

An ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya faɗi haka bai san Mabeli ba. Dokar ta ce kada in fita, ba ta ce kada a shigo mini da miji ba. Na aika wa Lauwers ya shimfiɗa fatun tumaki a kan dilolin Talata, ya ɗauko mini shi ko yana so ko ba ya so. A nan akwai masu jinya, akwai mai haɗa magani a kowace kusurwa. Ban san me ya hana ni wannan tunanin tun farko ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, bayan faɗuwar rana. Kwana na sha shida.

Ya iso.

Mutumin da a shekara ashirin da shida bai taɓa kwana a birni ba, wanda yake cewa garin yana warin kifi da ƙarya, ga shi kwance a kan yadi kamar basarake. Ya rame. Hasken kogi ne, yana sa kowa ya yi fari.

"'Yar birni," in ji shi, "an sace ni daga gidana."

"Ka kai ƙara, Baban Heila. Ga majalisa can."

Sai matsalar da ban tuna da ita ba. Ƙasan gidan murhu ne da kaya, ɗakin kwana yana sama, matakalar kuwa ta Baba ce, sai da gefe ake hawanta, shi kuma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Lauwers ya ɗaga kai ya kalli ƙugiyar da muke ɗaga diloli da ita ta taga, ya kalle ni. Na ce a sauko da igiya.

Muka naɗe shi a bargo, muka zaunar da shi a kujera, muka ɗaure. Duk titi ya fito kallo. Lauwers da 'yan dako biyu suna ja, Boudin yana lilo a sama yana zagin birni da wanda ya kafa shi. Wani ɗan dako ya ɗaga murya, "Uwargida, wannan dilar an buga mata hatimi kuwa?" Na ce, "Tun kafin a haife ka, ɗan nema!" Har shi Boudin sai da ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Na jawo shi ta taga da hannuna, bai kai nauyin bandir uku ba.

Ga miji, ga hayaƙi, ga ni. A zo a gani.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da safe. Kwana na sha bakwai.

Ya ce ƙararrawar garin nan ta fi mutanen garin surutu. Mai ƙorafi ai da sauran ƙarfinsa.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da la'asar. Kwana na ashirin. Rabi.

Na kira 'Yar'uwa Zutin, ɗaya daga cikin matan nan masu farin lulluɓi da ke jinyar marasa lafiya. Tsohuwa ce gajera, ba ta ɓata magana. Ta saurari ƙirjinsa, sannan ta tsaya tsakiyar ɗaki tana jan hanci.

"Me kike ƙonawa a ƙasa?"

Na gaya mata. Ta bi bango da hannu har ta gano tsaga a jikin bututun, daidai kan gadon. Na sani da ita, tun zamanin Baba take, mu dai mun saba. Na cusa tsumma, na shafe da laka. Na kira magini ya duba, wai sai murhu ya yi kwana huɗu da sanyi kafin ya taɓa. Na yi dariya na ce ya dawo bayan kwana ashirin.

Talata, 3 ga Disamba, da safe. Kwana na ashirin da uku.

Lakar ta bushe ta zube. Na sake shafawa. Hayaƙi ya tashi.

Alhamis, 5 ga Disamba, da yamma. Kwana na ashirin da biyar.

Yau ranata ce. Wani ɗan Kastil ya ce duk abin da Flasbek za ta saƙa daga nan zuwa bazara nasa ne, muddin da hatimi. Na ce hatimi ai kamar yana hannunsa.

Na dawo na tarar da Boudin ya ja jiki zuwa taga, yana kallon mashigin jirage.

"Mabeli, zo ki gani. Wancan da ake lodawa ba na Stas ba ne? Na gane ɗaurin."

"Nasa ne."

"Ina za shi?"

"Jenowa. Daga can kuma Allah kaɗai ya sani."

Ya ci gaba da kallo. Ni na tsinke ƙaran nan da hannuna, in ji shi, ni na jiƙa, ni na bubbuga. Ashe nan yake zuwa. Sai ya ce, "Garin naku dai da wari, amma ba ƙarya ba ne duka." Shekara ashirin da shida ina jiran wannan maganar. Na ji daɗi har raina, na kuma ji tsoro, don Boudin ba ya saki gardama haka nan.

Lahadi, 8 ga Disamba, da tsakar rana. Kwana na ashirin da takwas.

Kogi ya daskare. Babu jirgi zuwa Flasbek, babu daga can.

In na buɗe taga sanyi ya sa shi karkarwa, in na rufe ɗakin ya yi shuɗi. Jiya na farfasa bencin Baba na ƙona, busasshen katako ne, ɗakin ya ɗan washe, ya samu barci. Da yamma Gilis ya zo, ko zolaya bai yi ba.

"Gargaɗi na biyu, Uwargida. Babu na uku."

Na koma wa tubalin fadama. Kwana goma sha biyu ai ba shekara ba ce.

Laraba, 11 ga Disamba, da hantsi. Kwana na talatin da ɗaya.

Zutin ta jawo ni kan matakala.

"Maganina ba ya aiki a cikin wannan ɗakin."

"To a kai shi wurinku."

"In ya sake hawa igiyar nan, gawa za ku sauke."

"Saura kwana tara, 'Yar'uwa."

"Ke kike da kwana tara. Ban ce shi yana da su ba."

Haba! Wa ya ba ta ilimin gaibu? Na buɗe baki zan wanke ta, sai muryarsa daga ciki, ashe yana ji.

"Mabeli. In kika kashe wutar nan saboda ni, ban yafe miki ba. Kin ji?"

Na ce na ji. Na kalli Zutin na ce ita ma ta ji. Ta ɗauki kwandonta ta tafi. Mutumin da ya tsaya cikin ruwan ƙanƙara har ƙugu shekara talatin, ɗan hayaƙi ne zai kayar da shi? Ba su san shi ba ne.

Juma'a, 13 ga Disamba, da yamma. Kwana na talatin da uku.

Cokali biyu ya sha. Ƙyallayen tarinsa masu jini na ƙona su, ba sai an wanke ba. Saura bakwai.

Asabar, 14 ga Disamba, da safe.

Hayaƙi ya tashi. Saura shida bayan yau.

Lahadi, 15 ga Disamba.

Ban je majami'a ba. Hayaƙi ya tashi.

Litinin, 16 ga Disamba, da la'asar. Kwana na talatin da shida.

Ya kira ni Inna. Ya ce in buɗe ƙofa, wai ana ƙona ciyawa a gonar Yos, iska tana kawowa.

Na ce masa yanzu za su gama. Saura huɗu. Saura huɗu kawai.

Talata, 17 ga Disamba, bayan faɗuwar rana. Kwana na talatin da bakwai.

Gilis ya zo da safe, ya ga fuska, ya taɓa murhu, ya tafi. Na ƙara tubali biyu na hau sama. Na tsaya a ƙofa ina jin yadda yake jan numfashi, kowane ja sai ƙashin wuyansa ya fito, leɓensa ya yi launin toka. Na kalli tsagar, ga hayaƙin yana sulalowa ta gefen lakata yana kwanciya a kansa. Ni na zaɓi mai danshin. Ni na aika aka ɗauko shi daga gidansa inda iska take. Na rubuta, ga shi nan, kada in ce gobe ban sani ba.

Ban zuba ruwa ba, da ya ƙara turnuƙewa. Na kwashe garwashin da shebur, sahu bakwai, na zubar a kan ƙanƙarar kogi. Masu wucewa suka tsaya suna kallona.

Da yamma Gilis ya shigo. Bai ce a ga fuska ba. Ya daɗe da hannunsa a kan murhu.

"Uwargida Mabeli, in kika hura yanzu-yanzu, zan ce na tarar da ɗumi. Mai gadin hasumiya kuma zan ji da shi."

"Gobe fa? Jibi fa?"

"Kwana uku ne, don girman Allah."

"Na iya ƙirga, Gilis. Rubuta abin da hannunka ya ji."

Ya rubuta. Na ce masa in zai yi kuka ya fita waje, ina da mara lafiya.

Laraba, 18 ga Disamba, da tsakar rana.

An karanta sunana a matakalar zaure cikin waɗanda aka soke. Zutin ce ta kawo labarin, tare da duwatsu biyu masu zafi a cikin tsumma. Ba ta ce ai ta faɗa ba, Allah ya saka mata.

Gidan kamar rijiya don sanyi. Na kwance dila guda na lulluɓe shi da yadin da ɗan Kastil ba zai saya ba, na ɗora fatun tumaki, na kwanta a bayansa. Tun jiya yake barci. Numfashin yana shiga yana fita, na zauna ina saurare kamar wadda ba ta da aikin yi.

Rumfa ta tafi. A bakin ƙofar gabas baƙi suna shimfiɗa kaya a ƙasa, ba hatimi, ba rufi, masu saye 'yan tsiraru. Can zan fara. Baba ma a bayan ganuwa ya fara, garin ne ya fito ya same shi. Abin da ban sani ba shi ne da wane baki zan gaya wa Stas da matar Yos.

Alhamis, 19 ga Disamba, da hantsi.

Ya buɗe ido da safe, ya gane ni. Ya ja iska a hankali, ya sake ja, ya juya kai ya kalli bangon.

"Kin kashe."

"Na kashe."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Na ga yana lissafi da leɓe.

"Saura kwana uku, Mabeli."

"Kowa sai ya gaya mini."

"Gidaje goma sha huɗu."

"Na san sunayensu, na san na 'ya'yansu. Ni zan je in tsaya a gabansu, ba kai ba."

"Na ce ban yafe ba."

"Kada ka yafe. Ka tashi ka yi ta riƙe ni da shi har mu tsufa."

Ya juya mini baya. Na zauna a bakin gado ina kallon ƙeyarsa, na ƙudura ko yini zai yi ba zan fara magana ba. Ƙararrawa ta buga, ta sake bugawa. Can sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yunwa nake ji. Akwai kunun sha'ir? Mai zafi."

Kwana shida rabonsa da ya nemi abinci. Na sauka da gudu har na kusa faɗuwa, na auna sha'ir, na zuba madara, na juya wurin murhu, sannan na tuna.

A titin nan aka haife ni, ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa don roƙo ba. Na rungumi tukunyar na fita.